Yadda Ake Ziyartar Ƙauyukan Kan Dutse: Sukur, Koma da Mambila

Tun da na fara yawon ƙauyukan kan duwatsun Adamawa da Taraba, tambaya guda ake ta maimaita mini, a majalisa, a wurin ɗaurin aure, har a waya: "Wai ta ina ake bi, kuma nawa ake kashewa?" Hanya kam mai sauƙi ce, kowane ɗan kamasho a tashar Yola zai nuna maka motar Michika. Inda mutane suke tuntuɓe shi ne wajen sanin abin da ake fara yi da abin da ake bari sai an isa. A ƙauyen kan dutse babu otal, babu mai sayar da tikiti, babu wanda aka ɗauka aiki don ya tarbe ka. Gidan mutane za ka shiga, a tabarmarsu za ka kwana. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan na jera su.

1. Zaɓi dutse ɗaya

Kada ka ce za ka haɗa duka a tafiya guda. A taswira sai ka ga kamar suna kusa da juna, a ƙasa kuwa kwanaki ne tsakaninsu.

Sukur tana kan duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, a tsayin da ya haura mita 1,000. Ita ce wuri na farko a Najeriya da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin kayan tarihi na duniya, a 1999. Sarkinsu ana ce masa Hidi, harshensu Sakun. Abin kallo a can shi ne aikin dutse: fadar Hidi, hanyar da aka daɓe da faffaɗan duwatsu tun daga ƙasa, gonaki hawa-hawa da aka tokare kowane hawa da jeren dutse, da tsofaffin wuraren narka tama.

Koma suna kan duwatsun Alantika, a ƙaramar hukumar Jada, wasu ƙauyukansu kuma suna ɓangaren Kamaru. Nan ne hawan ya fi wuya, kuma nan ne aka fi yi wa mutane ƙarya a intanet.

Mambila tana jihar Taraba, ƙaramar hukumar Sardauna, babban garinta Gembu. Tudu ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa da shanu da gonakin shayi na Kakara, tsayinsa kusan mita 1,600. Mota tana hawa har Gembu, ƙauyukan ciki ne sai a babur ko a ƙafa.

Idan karonka na farko ne, ko da iyali za ka, fara da Mambila. In ta ƙi daɗi, akwai gari da masauki da asibiti a kusa.

2. Nemi mai masauki kafin ka nemi mota

Wannan shi ne matakin da ba a tsallakewa, kuma shi ya fi cin lokaci. Ka ba shi wata guda.

Abin da kake nema shi ne mutum ɗaya ɗan asalin ƙauyen, wanda zai ce wa danginsa "baƙona ne". Irin waɗannan mutane suna nan birjik a Yola da Mubi da Jalingo, har Kano da Abuja: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, sojoji, ɗaliban jami'a. Tambayi abokin aikinka ɗan Adamawa, shi zai haɗa ka da wani, wanin ya haɗa ka da wani. Yawanci a mutum na uku ake dacewa. Wanda ya yi bautar ƙasa a yankin ma yakan san shugaban makarantar firamare ko mai kula da ƙaramin asibitin ƙauye, su kuwa ba wanda ba su sani ba. Game da Sukur, da yake wurin yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, yana da kyau ka leƙa ofishinsu na Yola kafin ka wuce.

In ka samu mutumin, ka faɗa masa gaskiya: ku nawa ne, maza ko mata, kwana nawa, me ya kawo ku. "Kallo da ilimi" amsa ce da ta wadatar. Sannan ka roƙe shi abu uku. Ya sanar da mai gari kafin ranar. Ya samo maka ja-gaba wanda zai sauko ya tarye ka a gindin dutse. Ya gaya maka gidan da za ka kwana da sunan mai gidan.

Gargaɗi: kada ka ɗauki ja-gaba a tasha. Na taɓa yi. Wani saurayi mai zaƙin baki ya rantse mini shi ɗan kan dutsen ne, muka yi ciniki, muka hau. Da muka isa sai na ga yana gaisawa da tsofaffi da Hausa, su kuma suna kallonsa kamar yadda suke kallona. Ashe ɗan garin ƙasa ne, sau biyu ya taɓa hawa. Muka zama baƙi biyu, ɗaya yana biyan ɗaya. Gwaji mai sauƙi: sa shi ya faɗi sunan mai unguwar da za ku sauka, kuma ya kira wani a can a gabanka da harshensu.

Mace mai son zuwa, ki nemi a haɗa ki da matar gidan tun kafin tafiya, ko da gaisuwa ce ta waya. A ɗakinta za ki kwana, ita za ta kai ki rafi da madafa, kuma za ki ga rabin ƙauyen da mu maza ba ma gani.

3. Binciki tsaro, sau biyu

Sau ɗaya lokacin da kake shiri, sau ɗaya kuma a daren da za ka tashi. Madagali tana maƙwabtaka da Gwoza da dajin Sambisa. A 2014 'yan Boko Haram sun hau Sukur sun ƙona gidaje, har fadar Hidi ba ta tsira ba, kuma yankin bai rabu da hare-hare kwata-kwata ba. A Mambila an yi mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya a 2017, sannan rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya turo 'yan gudun hijira zuwa garuruwan iyaka. Garkuwa da mutane kuwa ba ta bar hanyoyin Adamawa da Taraba ba.

Labarin rediyo ba ya isa. Tambayi mai masaukinka, tambayi direban da ke bin hanyar kullum, kuma ka saurari yadda suke amsawa. In ka ji "to, da sauƙi dai", ko aka yi shiru kafin a ce "Allah zai kiyaye", ɗaga tafiyar. Ɗan gari ba ya son ya ce wa baƙo kada ya zo, sai dai ya kewaya.

Gargaɗi: kada ka sa ranar tafiyarka ko sunan ƙauyen a Facebook ko WhatsApp kafin ka dawo. Mutum biyu a gida su san inda kake da ranar da za ka sauko, da lambar mai masaukinka. Ya isa.

4. Tsayar da lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama ruwa, rafuka sun janye, an yi girbi, mutane suna da abinci da sukunin zama da baƙo. A Nuwamba ciyawa ba ta gama bushewa ba, sararin sama kuma garau. Daga ƙarshen Disamba hazo yakan rufe komai, ka sha wahalar hawa ka tarar ba ka ganin dutsen da ke gabanka.

Maris zuwa Mayu zafin ƙasan Adamawa yana haura digiri 40, hawa a lokacin azaba ce. Da damina duwatsu suna santsi, rafin da ka tsallaka da safe da tsalle ɗaya zai iya hana ka komawa da yamma. Daminar Mambila ta fi ta sauran Arewa tsawo, tana farawa da wuri ta daɗe ba ta ɗauke ba, jar lakarta kuma ko babur takan kayar.

Ka tambayi ranar kasuwar gindin dutse. Ranar ce ake samun babura da yawa, kuma mutanen sama suna saukowa, ka bi ayarinsu ku hau tare da la'asar. Idan kuma ziyararka ta faɗo kan wani bikin gargajiya, sai ka tambaya ko ana son baƙi. Wasu bukukuwan na kowa ne, wasu na 'yan gida.

5. Lissafa kuɗi

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, don haka farashin da wani ya faɗa maka bara ba shi da amfani bana. Kira tasha ka ji na wannan makon. Abin da ba ya canzawa shi ne inda kuɗin suke tafiya:

kuɗin mota zuwa Yola ko Jalingo, da na mota ta biyu zuwa ƙaramar hukuma. Kwanan masauki biyu a hanya, ɗaya a zuwa ɗaya a dawowa. Acaba daga bakin titi zuwa gindin dutse. Ladan ja-gaba na kowace rana, da na ɗan dako in kayanka sun yi nauyi. Gaisuwar mai gari. Tsarabar gidan da za ka sauka da abin sallama.

Wanda yakan ba mutane mamaki shi ne acaba. A nawa tafiye-tafiyen, ɗan guntun nan na ƙarshe a kan babur ya sha cin abin da ya yi kusa da kuɗin doguwar motar, saboda man da ake sayarwa a galan a ƙauye ya fi na gidan mai tsada, hanyar kuma tana cin taya. Kada ka yi ta ja-in-ja da ɗan acaba a kan wannan, shi zai dawo ya ɗauke ka.

In ka gama lissafi, ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai, ka ware shi daban don ko-ta-kwana.

Gargaɗi: tsabar kuɗi, kuma ƙanana. Mai POS na ƙarshe yana garin ƙasa, shi ma sai in da sabis. Canza kuɗinka zuwa 'yan 200 da 500 tun a birni, ka guji yagaggu, don a ƙauye ba a karɓarsu. Raba su wuri uku a jikinka da jakarka. Ka gama cinikin ja-gaba a gaban mai masaukinka kafin a ɗaga ƙafa, a fayyace ko kuɗin na hawa ne kawai ko har da saukowa.

6. Haɗa kaya

Jakar goyo ɗaya, wadda za ka iya ɗauka awa uku kana hawa. Akwati mai taya ka bar shi a gida.

Takalmi shi ne kan gaba. Kambas mai ƙasan roba mai kauri, wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi bororo zai yi maka tun kafin rabin hanya, silifas kuma zamewa yake a kan dutse. Za ka ga 'yan garin suna gudu da silifas ko ma ba takalmi, kada ka yi koyi da su, ƙafarsu ta san hanyar tun suna goye.

Sai rigar sanyi mai kauri da hula da safa da bargo mara nauyi. Bakano ko Basakkwace yakan raina wannan, yana ganin ya san hunturu. Sanyin asubar Mambila daban ne, yana zuwa da raɓa da iska, yana shiga ƙashi. Sai tocila mai ɗaurawa a goshi, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka cike da wuta, da gidan sauro, da buta, da darduma, da gorar ruwa biyu. Guzuri: dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, kilishi, ganyen shayi. Magani: farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, filasta, bandeji, man zafi, da duk wanda likita ya ɗora ka a kai, har da rarar kwana uku. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya ga likitansa kafin ya sa rana.

Katin shaidarka na ƙasa ya kasance a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba.

Tsaraba kuwa a garin ƙasa za ka saya, kada ka ɗauko ta tun daga gida: gishiri, sabulu, sukari, ashana, man girki, goro. Kaya ne da sai an sauka dutse ake samunsu a hau da su a ka, shi ya sa suke da daraja a sama fiye da kuɗinsu.

7. Kama hanya zuwa gindin dutse

Zuwa Sukur: daga Yola ka bi ta Song, Gombi, Hong, Mararrabar Mubi, Uba, Michika, zuwa Gulak, hedikwatar Madagali. Ka kwana a Mubi ko Michika, ka ƙarasa da sassafe. Zuwa Mambila: daga Jalingo ta Garba Chede, Bali, Serti, zuwa Mayo Selbe inda hawan yake farawa, sai Maisamari, Nguroje, Gembu. Wuni guda ce cur, ka shiga motar farko. Hawan Mayo Selbe kwana-kwana ne, dutse a hannu ɗaya rami a ɗayan, mai jin jiri ya zauna gaba kuma kada ya cika ciki. Zuwa Koma, hanyar ta danganta da ƙauyen da za ka, sai ka bi wadda mai masaukinka ya ce.

Shingayen bincike suna da yawa, musamman daga Michika zuwa gaba: sojoji, 'yan sanda, mafarauta da 'yan banga. Cire gilashin ido, ajiye waya, amsa abin da aka tambaye ka kawai. "Wurin wa za ka?" ita ce tambayar, kuma nan ne mataki na 2 yake biyan ka, don kana da suna da unguwa da lambar waya.

Gargaɗi: kada ka ɗauki hoton shinge, ko gada, ko motar soja. Jirgin nan mara matuƙi na ɗaukar hoto kuwa kada ma ka sa shi a jaka, a wannan yankin zai iya jawo maka kwana a bariki. Kuma kada magariba ta same ka a kan titi. In mota ta lalace har la'asar ta yi, kwana a garin da kake.

Wani abu da ba a faɗa wa mutane: a kan waɗannan duwatsu wayarka za ta iya kama sabis ɗin Kamaru ta cinye maka kati. Iyakar ma ba a ganinta, hanyar ƙafa ce kawai ta wuce. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka ka gaya wa ja-gabanka tun farko cewa ba ka son tsallakawa.

8. Hawa

Fara da an sallame asuba, gari ya ɗan waye. Sha ruwa sosai, ci abu kaɗan. Nemi sanda, ko ja-gaba ya sare maka.

Kuskuren kowa ɗaya ne: a fara da ƙarfi. Minti ashirin na farko jiki yana da zumuɗi, ga kunyar kada a raina ka, sai ka yi ta zabga sauri. Bayan nan ƙirji ya ɗauki zafi, gwiwa ta fara rawa. Yi tafiyar da za ka iya hira a cikinta ba tare da haki ba. Taku gajere, tafin ƙafa duka a kan dutse. Huta kaɗan-kaɗan a tsaye, don in ka zauna ka daɗe, tashi aiki ne.

A hanyar Sukur na fahimci wannan da kyau. Duwatsun daɓen sun yi sulɓi a tsakiya saboda ƙafafun da suka bi ta kansu shekara da shekaru, gefensu kuma da kaushi. Ina tsaye ina haki, na dafa sanda da hannu biyu, sai ga wata tsohuwa ta taho daga baya da buhu a ka, ba ta ko numfashi da ƙarfi. Ta tsaya ta dube ni, ta ce wani abu da harshensu, ja-gabana ya ƙyalƙyale da dariya. Na matsa masa ya fassara. Wai cewa ta yi, "Wannan yaron faɗa yake yi da dutsen." Sai da na lura da tafiyarta na ga ba ta miƙe hanya sak, karkacewa take dama da hagu, tana zaɓen inda za ta sa ƙafa tun kafin ta ɗaga ta. Na kwaikwaye ta, sauran hawan ya zo da sauƙi.

In ka haɗu da masu kaya a ka, kai za ka kauce, ka raɓa ta ɓangaren dutse, ba ta ɓangaren rami ba. Ka gaida duk wanda ka gamu da shi. Labarinka zai riga ka isa sama, kuma abin da za a fara faɗa shi ne ko kana gaisuwa.

Gargaɗi: kada ka zura hannu a kogon dutse ko ka zauna a kan tarin duwatsu ba ka duba ba. Yankin yana da kububuwa da kunama. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A hana ƙafar motsi, a ɗauke shi a sauka da shi asibiti nan take. Asibitin da ya shahara da maganin sarar maciji yana Kaltungo a jihar Gombe, nesa ne ƙwarai, shi ya sa duba wurin zama ya fi sauƙi.

Ruwan kan dutse yakan yi kyau a ido. Na marmaro mai gudu da dama-dama, amma a tafasa ya fi. Kada ka yi wanka a kwantaccen ruwa, tsargiya ba ta sallama.

9. Gaida mai gari kafin komai

Ko ruwa ka sha a gidan mai masauki, abu na gaba shi ne fada. Kada ka fara zagaya gari, kada ka fito da waya. A Sukur wurin Hidi za a kai ka, a wasu wuraren jauro ne ko mai unguwa. Cire takalmi inda ka ga an cire, zauna inda aka nuna maka, ƙasa da inda yake zaune. Ka bar ja-gaba ya gabatar da kai ko da sarkin yana jin Hausa. "Ranka ya daɗe" tana aiki ko'ina. Goro da abin gaisuwa ta hannun na kusa da shi ake miƙawa, a rufe, ba a ƙirgawa a fili.

A nan za ka nemi izini a bayyane: ina zan iya shiga, ina ne ba a zuwa, zan iya ɗaukar hoto? Amsar da aka ba ka a gaban jama'a ita ce takardarka har ka sauka.

Hausa tana kai mutum nesa a Adamawa, amma a Mambila da wajen Koma Fulatanci ya fi ta tafiya. Riƙe ko kalma uku: "Jam na?" a amsa "Jam", in an yi maka alheri ka ce "Useko". Sannan ka sa a koya maka gaisuwar harshen ƙauyen kansa. Za ka faɗe ta a karkace, za a yi dariya, daga nan hira ta buɗe.

10. Zama a gidan mutane

Ga inda mu Hausawa muka fi yin ɓarna, kuma da baki muke yinta.

Kalmar "arna" kada ta fito daga bakinka, ko da wasa, ko a waya da wani kana zaton ba a ji. Haka "mutanen daji", haka "ba su waye ba". Mutanen nan ba don sha'awar iska kakanninsu suka zauna a kan dutse suna noma a tsakanin duwatsu ba. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali a farkon ƙarni na 20, ya yi ta kai hari kan ƙauyukan Mandara yana kama bayi, Sukur na ciki, daga baya Turawa suka tuɓe shi a 1927. Jikokin waɗanda aka kama suna nan, kuma ba su manta ba. In baƙo mai jin Hausa da hula ya hau, ana sauraron yadda zai yi magana. A yau akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu addinin gargajiya, wani lokaci a gida ɗaya. Ba wa'azi ya kawo ka ba. In an tambaye ka game da addininka, amsa da mutunci, ka tsaya nan.

Game da Koma, tun da jaridu suka yi ta yayata su a shekarun 1980 ake jingina musu labarai iri-iri, har da na cewa suna ba baƙo matansu. Kada ka hau da wannan a ranka, kada ka yi tambayar ko da sigar raha. Za ka tarar da makarantu da coci da samari masu waya, za ka kuma iya ganin tsofaffin mata da shigar ganye da lofe a baki. Tsohuwar nan kakar wani ce, watakila ma ta ja-gabanka.

Wannan ya kawo mu hoto. Tambaya ake yi, kowane mutum, kowane karo. In an ƙi, mayar da waya aljihu. In an yarda, nuna wa mutum hotonsa. Kada ka ɗauki wanda ba shi da sutura, babba ko yaro, kada ka sa kowa ya cire riga ko ya sa ganye don hotonka ya yi armashi. Ni ma na taɓa ɗaga waya kan wata mata tana sussuka ba tare da na yi magana ba. Ba ta ce komai ba, ta ajiye sandar ta shige gida, sauran matan suka bi ta. Sai da matar mai masaukina ta je ta ba da haƙuri a madadina, ni kuma na wuni ina jin kunyar haɗa ido da kowa.

Abinci: tuwon dawa ne ko na masara, da miyar ganye ko wake. Ci, ko kaɗan ne, ka yaba. Za a iya miƙo maka burkutu, don a wurare da yawa ita ce ruwan baƙo. Karɓi ƙwaryar da hannu biyu ko ka taɓa ta, ka yi godiya, ka ce addininka bai ba ka ba, ka roƙi ruwa ko kunu. Ba wanda zai ji haushi in fuskarka a sake take. Abin da ke ɓata rai shi ne yatsina da toshe hanci. Batun nama kuma ka warware shi tun a ƙasa: gaya wa mai masauki, in za a yanka kaza a ba ka wuƙa ka yanka da kanka. Sun saba da wannan.

Salla: tambayi inda za ka shimfiɗa darduma. Kada ka zaɓi gindin wata bishiya ko wani faffaɗan dutse da kanka don ka ga wurin a share, sau da yawa irin wuraren nan na bauta ne. Haka in ka ga tukunya a kife a gefen gida ko a ƙarƙashin rumbu, kada ka taɓa, kada ka zauna kusa. Ruwa kuma a ka ake hawo da shi ko a ɗebo daga nesa, yi alwala da kaɗan, wanka da rabin bokiti.

In kana Sukur, roƙi a nuna maka ɗakin sa, wato bijimi. Rami ne da aka gina da dutse a cikin gida, ana sa ɗan maraƙi a ciki a yi ta kai masa ciyawa da ruwa har ya zama ƙaton sa. Ni da na leƙa, duhu na fara gani, sai huci mai ɗumi, sannan idanu biyu.

Gargaɗi: kada ka raba wa yara kuɗi ko alewa a hanya. Ranar farko abin sha'awa ne, bayan baƙi goma yaran sun koyi bara. Abin da ka kawo na yara, littafin rubutu ne ko fensir, ba malamin makaranta ko uwar gida. Kada kuma ka yi alkawarin rijiya ko gyaran aji don daɗin baki ya ɗebe ka. Ana riƙewa, kuma mai masaukinka za a yi ta tambaya bayan ka tafi.

Kwana biyu sun isa a karon farko. Ana ciyar da kai ne daga rumbun da aka auna shi da yawan mutanen gida.

11. Sallama da saukowa

Da daren ƙarshe ka koma fada ka yi ban kwana. Abin sallamar gida a hannun uwar gida ake sa shi, ita ta yi ɗawainiyar. In mai gidan ya ce ba ya karɓar kuɗi daga baƙo, kada ka ja, ce masa "Baba, na sabulun yara ne", ka ajiye a kan tabarma. In an ba ka kaza ko ƙwaryar wake, karɓa, ko da ba ka san yadda za ka sauka da ita ba. Ja-gaba zai riƙe maka.

Saukowa ta fi hawa haɗari, a nan aka fi targaɗe. Ɗaure igiyar takalmi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba, sa sanda a gaba kafin ƙafa, inda ya yi gangare sosai juya gefe ka sauka a karkace. Kada ka amsa waya kana tafiya. Fita da sassafe, domin ka isa titi kafin motocin safe su ƙare, kuma ka riga ka yi magana da ɗan acabanka tun jiya.

Ledoji da gwangwanaye da matattun batura, duk ka sauko da su.

Ladan ja-gaba a gindin dutse ake cika shi, da ɗan ƙari in ya kyauta. Da ka isa inda sabis yake, kira mai masaukinka ka ce ka sauka lafiya, don in ba ka kira ba wani zai bi hanya neman ka. In ka koma gida, kai hotunan mutanen da ka ɗauka a wanke maka su a takarda, ka rubuta sunan kowa a baya, ka sa a ambulan, ka ba direban motar Michika ko ta Gembu ya kai wa wanda ya haɗa ka da su.